Ciyawar Sojojin Malam Habibou

Rigimar da Malam Habibou ya fi shan kaye a cikinta duk rayuwarsa, a kicin ɗin matarsa ta faro, kuma a kan garin kuka.

Wata Juma'a ce da yamma Fourera ta dawo daga aiki, ta tuƙa tuwo, ta miƙa hannu ga gwangwanin kukarta, ta ji shi sakayau. Ba fa irin kukar kantin Afirka ta nan Greensboro ba ce, wadda ta daɗe a jirgin ruwa har ta manta garinsu. Wannan yayarta ce ta daka da hannunta a Maradi, ta fita daga balis ɗin wannan matafiyi, wato akwatin tafiyarsa, ta faɗa na wancan, kafin ta iso ɗan gidansu na Glenwood. Fourera ta girgiza gwangwani, ta leƙa, ta sake girgizawa. Sai ta bi ƙamshi. Ƙamshi ya kai ta falo, inda maigida ya tanƙwashe ƙafa a ƙasa, tabarau a bakin hanci, ga 'yan sojojin dalma masu tsawon gaɓar yatsa a jere kan jarida. Kowane soja na tsaye kan ɗan faifai kamar kwabo, kowane faifai kuma kore shar.

"Baban Dalila, mene ne wannan a ƙafar 'yan tsanarka?"

"Ba 'yan tsana ba ne, Madam, sojoji ne. Wannan kuma ciyawa ce."

"Ciyawa."

"Eh. Ba a kai soja tebur ƙafarsa tsirara. Dokar kulob ɗin wasanmu ce."

Ta sunkuya ta ɗauki ɗaya, ta shinshina, ta dangwala yatsa. Sai ga zare mai yauƙi ya biyo yatsan, domin bawan Allah a kan ɗanyen gam ya zazzaga kukar, kuma duk wadda ta taɓa riƙe maburgi ta san halin kuka in ta ga danshi.

"Wannan miya ce, Malam. Daddawa kawai ta rage."

Nan ya gyara zama ya fara lacca. Wai ciyawar da abokansa ke saya a kanti roba ce, korenta na ƙarya ne, kamar rigar 'yan ƙwallo. Wai kuka ce kaɗai ke da launin ciyawar Allah. Wai tarihi abu ne mai girma, bai kamata a haɗa shi da cikin mutum ɗaya ba. Fourera ta saurare shi har ya kai aya. Ta koma kicin, ta kwaso malmala biyu a faranti, ta dawo ta tsinci sojoji uku ta dasa su a kan tuwon, ta dire a gabansa.

"Ga tuwo, ga miya. Bisimilla."

Ranar gaya ya ci. Kashegari kuma aka kori rundunar gaba ɗaya zuwa gareji, da janar ɗinta, da igwoyinta.

Shekara da shekaru da wannan labarin ake buɗe hira a gidajen sunan 'yan Nijar na garin nan, mata su yi ta dariya har ɗankwali ya zame. Bana an daina ba da shi. Fourera ta rasu a ƙarshen kaka, ta bar runduna ɗaya ba ciyawa a ƙafarta, kuma a kan wannan rundunar Malam Habibou ya kusa rasa teburin wasan nan, wanda shi kaɗai ya rage yana fitar da shi daga gida. Amma bari a ɗauko zancen daga tushe.

A wani ƙauye arewa da Dakoro aka haife shi. Yana yaro, aikinsa gina shanun laka a bakin tafki, ya jera su, ya raɗa musu suna, ya hana kowa taɓawa. Sai babban fari ya zo. Maƙwabta suka kora dabbobinsu kudu tun da sauran ƙarfi a jikinsu, shi kuwa ubansa ya ce ba inda za shi, gobe za a yi ruwa. Kullum ya fito ya ɗaga kai sama ya ce gobe. Ƙasa ta koma ja, ba tsinken ciyawa ko na sakace. Habibou da ƙannensa suka yi ta jan mushe suna kaiwa bayan gari har garken ya ƙare. Tafkin ma ya ƙafe, na lakar ma ba a samu abin ginawa ba.

Wannan yaron ne ya girma, ya yi karen mota, ya yi direba, ya auri Fourera 'yar Maradi mai bakin da ya fi almakashi, ƙarshe Allah ya jefo su Carolina. Makon farko da zuwansa aka tarar da shi tsaye a bakin titi yana kallon wani maƙwabci yana aske ciyawar ƙofar gidansa da inji, yana ɗurawa a baƙar leda, yana ajiyewa wurin shara. Sai da ya tambaya ko mutumin yana da lafiya. Har ya tsufa bai saba ba. Tasa ciyawar sai ta kai gwiwa, maƙwabta sun fara tsaki, sannan Fourera ta kora shi ya yanka, yana yi yana ba ta haƙuri. Ciyawar fa, ba Fourera ba.

Ya yi aikin masaƙa har aka rufe ta, sannan ya koma tuƙa bas ɗin gari. A bas ɗin ne wata rana wani fasinja ya manta akwatin katako. Malam ya buɗe don ya ga ko akwai suna, sai ya ga 'yan mutane ƙanana kwance cikin auduga, kowa da fuskarsa, wani ma ba hannu. Ya rufe da sauri, ya tofa duk addu'ar da ya haddace, ya ce ashe su ma mutanen nan suna yin asiri. Da mai akwatin ya zo nema, sai ga wani dogon dattijo baƙar fata, sunansa Josiah, tsohon ma'aikacin gidan waya, mai hula da takalmi kullum a goge. Malam ya tambaye shi a hankali, waɗannan bayin Allah da ya ɗaure a akwati, me suka yi masa? Josiah ya yi dariya har ya dafa kujera. Ya ce ya zo ranar Asabar ya gani da idonsa.

Wurin wani zaure ne a Pleasant Garden, a bayan shagon gyaran injin yankan ciyawa. Tebur ne faffaɗa, an yi masa tuddai da rafi da 'yan bishiyoyi da shinge. Tsofaffin maza masu tumbi sun kewaye shi, kowa da tef ɗin awo irin na tela a hannu. Su ɗauko wani yaƙi da aka yi tun kakannin kakanni, su jera sojoji yadda aka jera su a ranar, sannan su sake yin sa. A auna tafiyar soja da tef, a jefa ɗan ludo a ga ko harbi ya samu, wanda aka kashe a ɗauke shi a mayar akwati. Mutum da jikokinsa ya yi ta huci a kan dokin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Duk mai hankali in ya leƙa sau ɗaya zai yi musu addu'a ya wuce. Malam Habibou ya leƙa, ya ga shanunsa na laka sun dawo da riguna da bindigogi, sai ya ja kujera.

Bai taɓa iya wasan ba, a faɗi gaskiya. Hannunsa ya iya fenti, har gashin baki yake yi wa soja da buroshi mai gashi kamar ɗaya. Amma da an fara ɗauke masa mutane ana mayarwa akwati, sai hankalinsa ya tashi, ya ja sauran baya, ya ɓoye su bayan bishiya, ya bar wa abokin gaba fili.

"Habibou, ka kusa cin nasara fa!" in ji Josiah. "Ka tura su!"

"Su ma suna da iyaye."

"Dalma ce, mutumin kirki!"

"To, dalmar ma ni na yi mata fenti."

Suka sa masa suna Janar Ja-da-baya, ya karɓa da hannu biyu. Masu son fassara sun ce shanun ubansa yake korawa kudu har yanzu. Fourera ta ce ba wani shanu, tsoro ne kawai, ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kira maƙwabci. In la'asar ta yi, Josiah da kansa yake ɗaga hannu ya ce a tsagaita wuta, Janar zai yi salla. Sai ka ga runduna biyu sun tsaya cik, ana cin gyaɗa, har ya sallame.

Ita kuwa Fourera, bayan korar da ta yi wa sojoji, ba ta yi wata guda ba ta fara leƙa gareji, wai tana neman tsintsiya. Ta tsaya a kansa, ta yi tsaki, ta fita. Ta sake dawowa. Ran nan dai ta ture shi da gwiwar hannu.

"Matsa. In dai kukata za a ɓata, a ɓata ta da fasali."

Ta tankaɗe kukar da rariya mai laushi. Ta soya wani kashi sama-sama a busasshen kasko har ya yi launin ciyawar da sanyi ya taɓa. Ta haɗa da lallausan yashi don kada ta yi yauƙi, ta barbaɗa ɗan barkono saboda kyankyaso. Ta bar gam ya sha iska sai ya fara kama yatsa, sannan ta yayyafa da 'yan yatsu uku kamar mai sa gishiri, ta hure, ta feshe da maganin riƙe fenti. Asabar ɗin da Malam ya kai su kulob, tsofaffin nan suka sunkuya suna kallo, suna atishawa, suna sake sunkuyawa. Daga nan aka fara aiko mata da akwatuna. Ta yi ta mita, wai ita ba baiwar 'yan tsana ba ce, tana mitar tana yayyafawa. Kwalbarta ta haɗi tana kan firji, babba, da jan ƙyalle ɗaure a wuya, kuma ko Malam bai isa ya taɓa ba.

A cikin gida ba irin sunan da ba ta kira wasan da shi ba. A waje kuwa, wanda ya taɓa mijinta ya taɓo wuta. Hajiya Ramlatou, shugabar ƙungiyar mata, wadda ba a suna ko rasuwa sai da ludayinta, ta taɓa cewa a gaban jama'a, ai abin kunya ne dattijo da furfura yana wasan gumaka da Nasara. Fourera ta ajiye kofin shayi.

"Hajiya, wasu mazan in sun ɓace ranar Asabar, sai a yi ta buga waya ba a san inda suke ba. Ni nawa na san inda yake. Yana Pleasant Garden ana cinye shi da yaƙi."

Hajiya ta sha shayinta da zafinsa.

Babban wasan kulob ɗin a watan Maris ake yin sa, domin a watan ne aka gwabza wani yaƙi a arewacin garin nan, zamanin da mutanen ƙasar ke korar Ingilishi. Filin yana nan, yanzu karnuka ake kaiwa shan iska. Ingilishin, masu jajayen riguna, suka ci filin amma suka jigata, 'yan ƙasa kuma suka janye da sauran mutanensu. Kun ga kuwa yaƙin da aka yanka wa Malam Habibou daidai wuyansa. A sahun gaba na 'yan ƙasa akwai manoman yankin, ba kakin soja, aka tsayar da su bayan shinge su yi harbi kaɗan su ja baya, da yawansu kuma ba su tsaya ba sai gida. Fourera ta ce duk yaƙin su kaɗai ne masu hankali. Malam ya daɗe yana burin ya yi tasa rundunar manoman, bara ya samo su, dalma tsura, ya ce zai kai su wasan bana.

A bazarar bara ne Fourera ta fara rama. Aka yi ta zirga-zirgar lopital, 'yarsu Dalila, wadda ke aikin jinya kuma take aure a Summerfield, tana fassara abin da likitoci suka ce, tana rage wani. Cutar daji ce, kuma ta riga ta yi nisa. Da kaka ta shigo aka dawo da ita gida, aka kafa mata gado a falo. Kwana kaɗan ta ce a kashe talabijin.

"Baban Dalila, shigo da 'yan tsanarka. Na gaji da kallon mutanen da ba su iya komai ba, gara in kalli wanda na saba da shi."

Haka sojoji suka dawo falon da aka kore su. Ya shimfiɗa jarida a gefen gadonta yana yi wa manoma fenti, tana kwance tana gyara masa. Wannan wandon ya yi tsabta da yawa, manomi ne ko ango? Wancan ka ba shi hula, rana za ta kashe shi. Wata rana da ta ji ɗan ƙarfi ta sa aka zaunar da ita a kicin, ta tankaɗe, ta soya, ta haɗa, ta cika kwalba, ta ɗaure jan ƙyallen da kanta. Ta shafa wa faya-fayen manoman jan yashi na ƙasa. A nan numfashinta ya gaza.

"Kada ka sa musu ciyawar nan," in ji ta. "Hannunka nauyi gare shi, miya za ka sake yi. Ni zan sa, in na ji sauƙi."

Ya ce to. Tun da suke bai taɓa ce mata a'a ya ci riba ba.

Ba ta ji sauƙin ba. Wata safiyar Talata, bayan ya ba ta ruwa a cokali, ta tafi. A nan aka binne ta, cikin jar ƙasar Carolina.

Ranar sadakar uku gida ya cika, maza a falo da gareji, mata a kicin, Hajiya Ramlatou a kan tukunya idonta jawur, domin duk faɗan da suke yi ita ta wanke Fourera. Aka ce tuwo za a yi, miyar kuka, abin da marigayiya ta fi so. Hajiya ta ɗaga kai ta hango kwalba a kan firji, ta kwance ƙyalle, ta shinshina.

"Allahu akbar. Ku ga baiwar Allah, har ta tankaɗe mana ta ajiye."

Wace Bahaushiya ce za ta ga koren gari a kicin ɗin 'yar'uwarta ta tsaya tambaya? Ta juye duka a tukunya.

Bayan azahar aka fito da abinci. Loma ta farko, falo ya ɗauki wani ƙas-ƙas a hankali, kamar awaki na tuƙa. Ba wanda ya ɗaga kai. Gidan rasuwa ne, kuma girkin Hajiya ne, wa zai fara? Abass, wani mahauci ɗan zangon Kumasi, aminin Malam, wanda ba a taɓa jin bakinsa ya huta ba, ya ƙura wa silin ido yana haɗiya da ƙyar. Malam Habibou ya kai tasa lomar, ya ji yashi a haƙori, ya ji ɗan ƙaurin kasko, ya ji barkonon kyankyaso. Hannunsa ya tsaya. Ta ƙofar kicin ya hango saman firji wayam, ga jan ƙyallen a yashe gefen famfo, an goge ludayi da shi.

Ya sunkuyar da kai ya ci, ya cinye, ya suɗe kwano, ya miƙa a ƙaro. Aka ƙaro, ya cinye. Hawaye na bin gemunsa suna ɗiga a kwanon, mutane suna cewa Allah sarki, rashi ya taɓa shi, ko yashin ma ba ya ji.

Da Hajiya Ramlatou ta ji gaskiyar abin daga bakin Dalila, ta zo ta durƙusa a ƙofar gareji, mace mai jiki da ciwon gwiwa, tana neman gafara.

"Tashi, Hajiya," in ji shi. "Miya ta yi daɗi. Ban taɓa cin irinta ba, kuma ba zan sake ba."

Sanyi ya shigo, Malam ya daina zuwa Pleasant Garden. Daga masallaci sai gareji, sai maƙabarta, inda yake tsayawa yana kallon tudun jar ƙasa da ko tsiro bai yi ba tukuna. Rigunansa suka fara yi masa yawa. Dalila ta zo da kuloli ta koma da su yadda ta kawo. Manoma na jere a kan shiryayye, fenti ya gamu, kowa da hularsa, ƙafafunsu a kan jan yashi tsura.

Kowa ya kawo tasa dabarar. Josiah ya zo har Glenwood, ya zauna a baranda hula a gwiwa, ya ajiye ledar ciyawar kanti ya tafi. Abass ya kawo kuka cikin leda mai tambarin wani shago.

"Chale, abokina, kafra, ka gafarce ni, amma kuka kuka ce. Bishiyar Ghana da ta Nijar duk uwarsu ɗaya."

Dalila ta fi su wayo. Ta sa aka karɓo daga Maradi, dakan yayar uwar tata, turmi ɗaya, hannu ɗaya. Ta tsaya a kicin ta tankaɗe, ta soya, ta haɗa yadda ta sha gani tun tana yarinya, ta gwada a kan wani tsohon faifai ta kai masa. Ya ɗaga shi wajen haske, ya daɗe yana juyawa.

"Kin iya, ɗiyata. Wallahi kin iya."

"To Baba, in sa musu?"

"Ta ce ita za ta sa."

Dalila ta fita ta zauna a mota ta kifa kai a sitiyari. Ta san ubanta. In Maris ya wuce bai je ba, ba zai sake zuwa ba, garejin nan ne zai haɗiye shi. Ta roƙe shi ya je ko da tsofaffin sojojinsa ne, ya ce in zai je da manoma zai je. Ga kuma doka. Tun kafuwar kulob ɗin ba a taɓa ɗora sojan da ba a gama ba a tebur, kuma Josiah ne mai tsaronta. Ya taɓa mayar da wani likitan haƙori da ya tuƙo mota tun daga Charlotte, saboda dawakinsa ba ciyawa. Fourera ma da ta ji, cewa ta yi daidai ne, ba a fita da yaro unguwa ba wando.

Asabar ɗin wasan, Abass ya faka motarsa a ƙofar gida ya kwanta a kan oda, ya rantse ba zai ɗaga hannu ba sai Janar ya fito ko 'yan sanda su zo. Janar ya fito, akwati a hammata. Dalila ta bi su a baya.

Da suka shiga zauren, surutu ya mutu. Tsofaffin suka zo ɗaya bayan ɗaya suna riƙe masa hannu. Shi kuwa tebur yake kallo. An riga an jera jajayen riguna a wancan gefe, 'yan ƙasa a wannan, da dawakai da igwoyi, kuma kusan duk wanda ka duba, na aboki da na abokin gaba, a kan ciyawar Fourera yake tsaye. Ta farkon ta dushe ta yi ruwan ƙasa, ta baya-bayan nan tana nan kore. Ɗakin ma in ka ja numfashi sosai, ƙamshin kicin ɗinta yake. An bar gurbi guda a bayan shinge, ba kowa.

Malam ya buɗe akwati, ya fara fito da manoma ɗaya-ɗaya yana jerawa. Jan yashin ƙafarsu ya fito fili a tsakiyar koren nan kamar tabon ƙuna.

Josiah ya yi gyaran murya.

"Habibou, ɗan'uwana. Ba a gama su ba."

Malam ya ci gaba da jeri.

"Ba don dokar kawai nake faɗa ba. Na san hanyar nan, na bi ta. Da tawa ta rasu na bar ɗakinta yadda ta bar shi, har gizo-gizo ya gaje ta, ni kuma na kusa bin ta. Ga gam, ga ciyawa, 'yarka ta zo da irin taku. Mu duka za mu jira ka, ko zuwa yamma ne. Ka gama su, ka sallame ta."

"Ei, Janar," in ji Abass, "ko ɗan barbaɗe ne, irin na yajin tsire. Ba wanda zai gaya wa Madam."

Ba wanda ya yi dariya, har shi mai maganar.

"Baba, please," in ji Dalila. Kwalbar na hannunta, ta ɗaura mata wani sabon jan ƙyalle. "Kai ma ka sani Mama ba za ta bari su fita haka ba. Da tana nan da ta kore su gareji."

Sai zauren ya kaure. Wani ya ce a yafe dokar yau ɗaya, wani ya ce in aka yafe yau gobe likitan haƙori zai dawo da lauya. Wani ya ce a tura manoman bayan bishiyoyi inda ba a gani, ai dama can Janar zai kai su. Josiah ya ce shi ba yafewa yake nema ba, so yake abokinsa ya dawo da rai, ba ya zo ya kafa kabari a tsakiyar tebur ba. Yana faɗa yana goge ido da bayan hannu, yana jin haushin kansa.

Duk wannan Malam Habibou bai ɗago ba. Ya ja tef ya auna tsakanin manomi da shinge, ya matsar da wani mai hular kaba kaɗan, ya dasa na ƙarshe. Mutumin da duk kulob ɗin ba wanda ya taɓa ganin ya tsaya a inda aka matsa masa, ya cire tabarau, ya ninke, ya sa a aljihu. Ya ɗauki ɗan ludo ya danƙa a tafin Josiah, ya rufe masa yatsu a kai. Abin da ya faɗa, daga ranar ba a sake tayar da zancen ba, a zauren ko a gida.

"Josiah, kai a ƙasar da ake zubar da ciyawa a shara aka haife ka, shi ya sa kake tsammani duk inda babu ita mantawa aka yi. An gama su. Bana fari aka yi. Jefa."